Randy Waldrum da gorin "kocin makaranta"

Har yau in aka tayar da zancen Randy Waldrum a majalisar 'yan ƙwallo, sai ka ji wani ya yatsina fuska ya ce ai kocin makaranta ne hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta kwaso daga Amurka ta damƙa masa Super Falcons, ƙungiyar matan ƙasar. Ni dai wannan gorin bai taɓa shiga kaina ba. Akwai abubuwan da za a soki mutumin a kansu, zan kuma zo gare su, amma fitowarsa daga jami'a ba ta ciki.

Mu fara da yadda abin yake a Amurka. A 1972 aka kafa wata doka da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da fannin wasanni. Jami'ar da ke kashe maƙudan kuɗi a kan wasannin maza, dole ta buɗe wa mata nasu. Ƙwallon ƙafa ta ci moriyar wannan doka sosai, domin ƙungiya ɗaya tana ɗaukar 'yan mata da yawa. Yanzu jami'o'i sama da 300 ne ke da ƙungiyar mata a rukunin farko na gasar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Kusan duk matan da suka ciyo wa Amurka kofin duniya sau huɗu ta nan suka biyo. Wanda ya ci musu na farko a 1991, Anson Dorrance, kocin Jami'ar North Carolina ne, kuma bai ajiye aikinsa na jami'a ba lokacin da yake riƙe da ƙungiyar ƙasa.

A cikin wannan tsarin Waldrum, ɗan jihar Texas, ya yi tashe. Ya yi aiki a ƙananan kwalejoji, ya riƙe maza da mata a Jami'ar Tulsa, sannan Baylor ta kira shi ya kafa mata ƙungiyar mata tun daga tushe. Sun fara wasa a 1996, zuwa 1998 sun ci gasar yankinsu ta Big 12. Daga nan Notre Dame ta ɗauke shi a 1999, ya zauna har 2013, ya ci kofin ƙasa sau biyu: a 2004 ya doke UCLA a bugun fenariti, a 2010 ya doke Stanford da ci ɗaya mai ban haushi.

A nan nake so a tsaya a duba irin aikin. Kocin jami'a ba ya sayen 'yar wasa. Shi ne zai bi gasannin yara yana kallo, ya hango yarinya tun tana sakandare, ya je har falon gidansu ya zauna da iyayenta ya shawo kansu, alhali wasu jami'o'in suna bakin ƙofa da nasu tayin. In ta zo, dole ta riƙa cin jarrabawa, in makinta ya faɗi doka ta hana ta buga wasa. Kakar wasan gajeriya ce, daga Agusta zuwa farkon Disamba, sau da yawa wasa biyu a mako. Ita kuma yarinyar, daidai lokacin da ta nuna ta zama gwana, sai ta gama karatu ta tafi. Kowace shekara sai ka sake gini. Wanda ya yi shekaru sama da ashirin a haka, dole ya iya haɗa ƙungiya cikin ɗan lokaci, kuma abin da kocin ƙasa yake buƙata ke nan, tunda kwanaki kaɗan ake ba shi 'yan wasa su koma kulob.

Da ya koma ƙwallon ƙwararru a Houston Dash daga 2014 zuwa 2017 bai taɓuka abin kirki ba, wannan gaskiya ne. A daidai lokacin ya riƙe matan Trinidad da Tobago, inda aka turo masa 'yan wasa sansanin horo a Amurka da dala 500 kacal, har sai da ya fito a Twitter yana neman taimako. Duk da haka saura ƙiris su je kofin duniya na 2015, Ecuador ce ta zura musu ƙwallo a mintunan ƙarshe. Kun ga ke nan ya san hukumar da ba ta biya tun kafin ya san tamu.

NFF ta naɗa shi a 2020, yana kuma riƙe da Jami'ar Pittsburgh. Nan ne nake da ja da shi. Bai zauna a ƙasar ba, bai san gasar matanmu ta cikin gida yadda ya kamata ba, kuma an ga sakamakon haka a gasar cin kofin Afirka ta mata a Maroko a 2022: Afirka ta Kudu ta doke mu a wasan farko, Maroko ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, Zambiya ta ƙwace na uku. Ƙungiyar da ta ci kofin nan sau tara ta dawo gida ta huɗu. Ba a yi wa masu cewa a kore shi a lokacin rashin adalci ba, haka kuma cacar bakin da ya yi da hukumar a bainar jama'a kan albashi da kuɗin shiri, ana gab da tafiya kofin duniya, ba ta yi kyau ba, ko da kuwa yana da gaskiya.

Amma ku tuna kofin duniya na 2023. Canjaras da Kanada mai riƙe da zinaren Olamfik, Chiamaka Nnadozie ta tare fenaritin Christine Sinclair. Uku da biyu a kan Ostireliya a gabanta a Brisbane, Kanu da Ohale da Oshoala suka ci. Canjaras da Ireland. Minti 120 Ingila, zakarar Turai, ta kasa zura mana ƙwallo, sai a fenariti ta tsira. Wasa huɗu, uku ba a taɓa ragarmu ba. Wannan tsarin baya da aka gani, kowace ta san wurinta, aikin mai koyarwa ne. Michelle Alozie tamu, wadda Lauren James ta Ingila ta taka har aka ba James ɗin jan kati, ita ma jami'o'in Amurka ne suka raine ta, Yale da Tennessee. A 2023 ɗin dai ya kai Pittsburgh, wadda ya tarar a ƙasan teburi, cikin takwas na ƙarshe a NCAA, da Deborah Abiodun a tsakiyar fili. Ya kuma mayar da mu Olamfik a 2024, karon farko tun 2008, kodayake duk wasanni ukun an doke mu, daga nan ya ajiye aiki.

Wasu za su ce ai Justine Madugu na gida ya zo ya ci kofin Afirka a 2025. Haka ne, kuma ya cancanci yabo, farfaɗowa daga biyu da nema zuwa uku da biyu a kan Maroko a wasan ƙarshe a Rabat ba wasa ba ne. Sai dai yawancin 'yan wasan da ya yi aiki da su waɗanda suka buga kofin duniya a Ostireliya ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Muna da jami'o'i sama da ɗari biyu, muna da gasar NUGA ta wasannin jami'o'i. A nuna mini jami'a ɗaya, ABU ce ko BUK ko ta Maiduguri, inda matashin koci zai riƙe ƙungiyar mata shekara goma da albashi da fili da jadawalin wasanni, har NFF ta ji labarinsa ta neme shi.