Kogon da aka sa wa fitila da wanda aka bari da duhunsa

Tunda na dawo Sifaniya da zama sau biyu na shiga kogon dutse mai aman wuta, duka a tsibiran Kanari, kuma duk wanda ya tambaye ni wanne zai je sai in ce masa na Tenerife, ba wai don na Lanzarote ba shi da kyau ba fa.

Irin wannan kogon ba ruwa ne ya haƙa shi ba. Narkakken dutse ne ke gangarowa, na sama ya sha iska ya daskare, na ciki ya ci gaba da kwarara har ya tsiyaye, sai ya bar rami kamar bututu.

Cueva de los Verdes na Lanzarote tun 1964 aka buɗe shi, an sa fitilu, an gyara hanya, har wajen zaman kallon kiɗa akwai a ciki, alhali da can nan ne mutanen tsibirin ke ɓuya in 'yan fashin teku sun kawo hari. Gaba kaɗan a bututun ga Jameos del Agua, wani ɓangaren kogon da mai zane César Manrique ya tsara, inda wasu 'yan ƙaguwa farare makafi ke zaune a tafki, sai da aka hana jefa kwabbai a ruwan saboda tsatsar na cutar da su. Wallahi wannan ya tsaya min a rai, halittar da ta daɗe tana zamanta lafiya mu ne muka zo mata da matsala.

Cueva del Viento na Tenerife kuwa, wanda aman wutar dutsen Pico Viejo ya bari shekara kusan 27,000 da suka wuce, tsawonsa wajen kilomita 18 amma ɗan yanki kawai ake shiga, sai ka kama gurbi tun da wuri, ku kaɗan, kowa da hular kwano mai tocila. Babu kwan lantarki ko ɗaya. Ƙasan kaushi gare shi kamar dutsen goge kaushi, a bango kana ganin layin inda narkakken dutsen ya kai. Da jagoranmu ya ce kowa ya kashe tocilarsa, na ɗaga hannu dab da idona ban gan shi ba, numfashin na kusa da ni kawai nake ji.

Na san fitila ce ke kawo jama'a, kuma dattijo ko mai ciwon gwiwa na Lanzarote zai fi masa sauƙi. Amma hasken da ke kunne kullum gansakuka yake tsirarwa a jikin kogo, don haka in za a buɗe wani sabo ni dai a bar masa duhunsa, a rage mutane.