Ba Sigari Kaɗai Ke Toshe Hanyoyin Numfashin Masu Haƙar Ma'adinai Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa mai haƙar ma'adinai da ke fama da tari mai majina da sarƙewar numfashi, sigari ce ta jawo masa. Gaskiya ne sigari na kan gaba wajen haddasa cutar toshewar hanyoyin iska ta huhu, amma ƙurar kwal da ta duwatsu masu silika (sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu da yawa) ma tana haddasa ta, ko da mutum bai taɓa kai sigari bakinsa ba.

Ƙurar da ta fi haɗari ita ce wadda ido ba ya gani, domin tana wuce hanci da maƙogwaro ta isa can cikin huhu, inda take jawo kumburi, ta ƙuntata hanyoyin iska, ta kuma lalata ƙananan jakunkunan da ke shigar da iska cikin jini. Shi ya sa mai cutar kan tsaya ya huta a tsakiyar matakala, yana fitar da numfashi da ƙyar.

Hoton ƙirji na iya fitowa ba tare da tabon ƙura ba alhali cutar tana nan, saboda haka gwajin hura iska cikin na'ura ne ke tabbatar da ita. Barin aikin ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta auku, sai dai yana rage saurin ƙaruwarta.