Bikin titi da lasisin giya a Ingila: inda ƙungiyar unguwa ke da ta cewa, da inda aka rufe mata baki

A unguwannin Landan irin su Peckham da Brick Lane, lokaci zuwa lokaci akan ga wata takarda shuɗiya manne a gilashin shago, rubutunta baƙi, girmanta kamar takardar ofis. Yawancin masu wucewa ba sa ko ɗaga ido su dube ta. Sanarwa ce cewa mai wurin ya nemi lasisin sayar da giya, ko yana so a ƙara masa awannin ciniki. Doka ta ce ta kwana 28 a jere a inda mai wucewa zai iya karantawa, kuma cikin kwanakin nan kaɗai maƙwabta ke da damar rubuta wa majalisar ƙaramar hukuma ƙorafi. In wa'adi ya cika ba wanda ya rubuta komai, wajibi ne majalisar ta ba da lasisin yadda aka nema, ba tare da an yi zama ba. Bayan wata uku, idan kiɗa ya hana yara barci, a tara jama'a a yi ta faɗa a ɗakin taro, wannan ihu ne bayan hari.

Ra'ayina shi ne ƙungiyoyin unguwa a Ingila da Wales suna da ƙarfin da mafi yawansu ba su san suna da shi ba, kuma suna asararsa ta hanya biyu: jinkiri, da magana da harshen da doka ba ta ji. Akwai kuma wuri ɗaya, wato izinin taron wucin gadi da bukukuwan titi suka dogara a kansa, inda laifin ba nasu ba ne, dokar ce ke da giɓi.

Dokar Lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2005, ta karɓe wannan aiki daga hannun alƙalan majistare ta damƙa wa ƙananan hukumomi. Ta kuma ɗaure kowace shawara da manufofi huɗu: hana laifi da tarzoma, kare lafiyar jama'ar da ke wurin daga haɗari, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutarwa. Ƙorafin da bai rataya a ɗaya daga cikin huɗun nan ba, jami'in lasisi zai ajiye shi gefe tun kafin ya isa gaban kansiloli. A nan ne 'yan'uwanmu Musulmi mazauna can suka fi tuntuɓe. Mutum zai rubuta da zuciya ɗaya cewa giya haramun ce, kuma unguwar Musulmi ce. Gaskiya ya faɗa game da addininsa, amma kwamitin lasisi na majalisar ba shi da hurumin sauraron wannan, kamar yadda ba shi da hurumin sauraron cewa mashaya ta yi yawa har ba a bukatar wata, ko cewa farashin gidaje zai faɗi. Wanda ya taso a Kano, inda Hisba ke fasa kwalabe a bainar jama'a, dole ya sake lissafi. Amma da mutumin nan zai rubuta cewa shagon yana tazarar mita 40 daga ƙofar makarantar Islamiyya, yara suna tashi da ƙarfe 7 na yamma, kuma tuni akwai masu shaye-shaye da ke zama a kan dakalin wurin, to ya shiga ƙarƙashin kare yara da hana damun jama'a, kuma sai an saurare shi. Damuwarsa ba ta canza ba, ƙofar shiga ce ya gane.

Tun 2012 an cire sharaɗin cewa sai maƙwabci na kusa ne zai yi ƙorafi, don haka kowa na iya rubutawa, har da ƙungiya ko kwamitin masallaci. Sai dai yawan sa hannu ba shi ne nauyi ba. Takardar koke mai sunaye 300 a ƙarƙashin jimla ɗaya ba ta kai wasiƙu goma da kowacce ta faɗi abin da mai ita ya gani da idonsa ba. Abin da ke motsa ƙaramin kwamiti na kansiloli uku shi ne littafin da maƙwabci ya cika na tsawon makonni: Asabar, ƙarfe 1:20 na dare, mutum takwas a bakin titi da kofuna a hannu, an kira 'yan sanda, ga lambar rahoton da suka bayar. Hoton fasassun kwalabe mai kwanan wata. Lambar ƙorafin hayaniya daga jami'an duba-gari. Dalili kuwa shi ne duk wanda shawarar ba ta yi masa daɗi ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare, kuma kansiloli sun san shawarar da ba ta tsaya a kan hujja ba za ta iya rushewa a can. A kuma sani cewa ana miƙa wa mai neman lasisin kwafin wasiƙar, yawanci har da suna. Wannan yakan sa wasu su ja da baya, kuma a nan ne amfanin ƙungiya yake, don sakatarenta zai iya rubutawa da tsayawa a madadinsu.

Kuskure na gaba shi ne zuwa zaman da kalma ɗaya a baki, wato a hana. Ba kasafai ake hana lasisi ɗungurungum ba. Abin da ake samu, kuma wanda ke canza rayuwar layi a zahiri, sharuɗɗa ne: a daina sayarwa ƙarfe 11 na dare maimakon 2, kada a sayar da gwangwani ɗai-ɗai ko giya mai ƙarfin da ya wuce kashi 6.5 cikin ɗari, kada a juye kwalabe a bola tsakanin 11 na dare da 8 na safe, a rufe ƙofofi da tagogi in ana kiɗa, a ajiye hotunan kyamarar tsaro na kwana 31, a ba maƙwabta lambar manaja da za a kira a ɗauka. Da zarar sharaɗi ya shiga lasisi ya zama doka a kan mai wurin, karya shi laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin wata shida. Kowane mazauni kuma na iya neman a sake duba lasisin, inda kwamiti zai iya ƙara sharuɗɗa, ko dakatarwa har wata uku, ko sokewa. Sharaɗin ya zama wanda za a iya aunawa. "A kula da hayaniya" ba ta kama kowa. "Ba mai fita da abin sha bayan ƙarfe 10" tana kamawa, don duk mai ido zai shaida.

To ga batun biki. Ƙungiyar da jiya take ƙorafi a kan mashaya, yau ita ce ke neman a rufe mata titi don bikin bazara, kuma nan take gane cewa takardun ba ɗaya ba ne. Rufe titi aikin sashen hanyoyi ne, majalisu da yawa suna son a sanar da su tun makonni shida kafin ranar, babban taro kuwa watanni. Za a tambayi taswirar layin, inda za a sa shinge, da hanyar motar kashe gobara mai faɗin kusan mita huɗu wadda babu tebur ko rumfa a cikinta. Wannan hanyar ita aka fi mantawa da ita. Ana zana ta a takarda, ranar biki mai gasa nama ya kafa tukubarsa a tsakiyarta. Babban taro kan bukaci inshorar haɗarin jama'a, sau da yawa ta fam miliyan biyar, da zama da kwamitin ba da shawara kan tsaro, inda 'yan sanda da masu kashe gobara da na motar asibiti ke duba shirin.

Ita kuwa giya, mizaninta ciniki ne. In maƙwabta sun fito da abin shansu sun raba a tsakaninsu kyauta, ba a bukatar lasisi. In kuɗi ya shiga, ana bukata, ko da an ɓoye shi a cikin kuɗin tikiti an ce kofin farko kyauta ne. Ƙungiyoyi sukan faɗa wannan rami ba da niyya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce takardar sanarwar taron wucin gadi, wadda ake taƙaitawa da TEN. Kuɗinta fam 21. Tana rufe taron da bai wuce mutum 499 a lokaci guda ba, har da ma'aikata da makaɗa, na tsawon da bai wuce awa 168 ba. Ana miƙa ta aƙalla kwanakin aiki goma kafin taro, ba a ƙirga ranar miƙawa da ranar taron, balle Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Wanda ya makara yana iya miƙa ta tsakanin kwanakin aiki biyar zuwa tara, amma in aka yi ƙorafi a kan irin wannan, shi ke nan, babu zama, babu sayarwa.

A nan giɓin yake. Ɓangare biyu ne kacal doka ta ba damar ƙalubalantar TEN, 'yan sanda da jami'an duba-gari, kuma cikin kwanakin aiki uku. Maƙwabci ba shi da baki. Ba shuɗiyar takarda, ba sanarwa a jarida. Mashayar da unguwa ta yi wahalar ɗaure ta da tashi ƙarfe 11 za ta iya amfani da wannan takarda ta kai asuba a wasu darare, muddin ba ta wuce takarda 15 da jimillar kwana 21 a shekara ba. A ranar babban biki kuma ana iya yanka fili gida-gida, kowane yanki da takardarsa da mutum 499 ɗinsa, a tara dubbai ba tare da an bi ta ƙofar cikakken lasisi ba. Kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya da ya duba dokar a 2017 ya taɓo wannan dabara. A ganina gyaran ba mai tsada ba ne: a wajabta wa majalisa wallafa kowace takarda ranar da ta shigo, a kuma ba mazauna damar magana aƙalla idan wurin yana da tarihin ƙorafi. Kafin a kai nan, dabara ɗaya ce ke hannun ƙungiya, ta san jami'in lasisi na 'yan sanda da na duba-gari da suna, ta riƙa aika musu da littafin shaidarta tun kafin bazara, domin ranar da takarda ta faɗo teburinsu su riga sun san wurin.

Akwai zargin da ake yi wa ƙungiyoyin nan, kuma bai kamata a share shi ba. Ana cewa tsiraru ne, galibi masu gida da shekaru da lokacin halartar zama da rana tsaka, suke magana da sunan kowa, suna kashe kasuwar dare da aikin yin matasa. Unguwar Notting Hill da ke Landan ta nuna inda zargin ke da tushe. Bikinta na ƙarshen Agusta ya fito ne daga baƙaƙen fata 'yan Karibiyan bayan tarzomar wariyar launin fata ta 1958. Claudia Jones ta shirya na cikin ɗaki a Janairun 1959, Rhaune Laslett ta fito da shi titi a 1966, lokacin unguwar ta talakawa ce. Yau gidajen sun yi tsadar da jikokin waɗanda suka fara bikin ba za su iya saya ba, kuma wasu sababbin mazauna na kafa katako a ƙofofinsu su bar gari. Wanda aka yi wa fitsari a ƙofar gida yana da haƙƙin ya koka. Amma maganin kukansa ƙarin bayan gida ne, da masu shara da asuba, da kashe lasifika a kan lokaci. Neman a kwashe bikin daga titin da ya haife shi wata magana ce daban, kuma ba na goyon bayanta.

Unguwar Soho da ke tsakiyar Landan ta fi kusa da abin da nake ganin ya dace. Ƙungiyar Soho Society, da aka kafa a 1972, tana bibiyar takardun neman lasisi a yankinta tana rubuta ƙorafi a kan waɗanda suka dame ta, kuma ita ce ke shirya bikin unguwar na kowane Yuli a lambun cocin St Anne, inda ma'aikatan gidajen abinci ke tseren ɗaukar faranti. Masu mashaya da yawa suna ganin ta cika tsauri, musamman bayan da aka kawo ƙarshen rufe titunan Soho don cin abinci a waje a Satumban 2021. Ana iya saɓa mata a kan wannan. Abin lura shi ne ƙungiyar da ke tara unguwa a biki tana shiga ɗakin kwamiti da fuskar da ta fi ta wadda ba a ganinta sai ranar ƙorafi, kuma wanda ya taɓa ƙirga masu gadi da buhunan shara na taronsa ya fi sanin sharaɗin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

Ga unguwar da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba ke zaune tare, shirya bikin da kai yana ba da wani iko da ƙorafi ba ya bayarwa. Mai shiri shi ke zana taswira. Yana iya cewa bikin ba giya ko kaɗan, ba kuma wanda zai tilasta masa. In an yi sulhu a kan a sayar, sai a killace rumfa ɗaya a ƙarshen layi nesa da wurin wasan yara da ƙofar masallaci, da shinge da mai gadi mai lasisi, kofin roba kawai, a nemi shaidar shekaru daga duk wanda bai yi kama da ɗan 25 ba, a rufe awa ɗaya kafin a tashi don mutane su watse a hankali. Abin da ya fi ɓata irin wannan shiri shi ne shagunan gefe masu lasisinsu na dindindin, waɗanda ke sayar da kwalabe ana shigowa da su. Ba za a iya hana su da takardar biki ba, sai an zauna da su tun da wuri.

Wurin da ƙungiya za ta fi cin riba a kan ƙaramin ƙoƙari shi ne takardar manufofin lasisi da kowace majalisa ke sabuntawa duk shekara biyar bayan jin ra'ayin jama'a. A nan ake rubuta awannin da aka saba bayarwa. Kusa da ita akwai ayyana yanki a matsayin wanda wuraren sayar da giya suka yi wa yawa, kamar yadda ƙaramar hukumar Tower Hamlets ta yi wa Brick Lane a 2013, ta Southwark kuma ta yi wa Peckham da Camberwell. A irin wannan yanki nauyin hujja kan koma kan mai nema, shi zai nuna cewa ba zai ƙara wa matsalar nauyi ba. Ana sake duba ayyanawar duk shekara uku, kuma tana iya faɗuwa in ba sabuwar hujja. Ko a cikin yankin ma, in kwana 28 suka wuce ba wanda ya rubuta ƙorafi, lasisin zai fita yadda aka nema.