Rajistar jirgin ruwa a Delaware ba ta raba mutum da haraji

Masu jiragen ruwa na shaƙatawa a Amurka da yawa sun ɗauka cewa idan suka yi wa jirgi rajista a jihar Delaware, inda babu harajin saye da sayarwa, shi ke nan sun tsira. Ba haka abin yake ba.

Dokar tarayya ta ce a yi wa jirgi lamba a jihar da aka fi amfani da shi cikin shekara. Lambar wata jiha tana aiki ne na ɗan lokaci: aƙalla kwana 60, wasu jihohi kamar Florida kwana 90. Da wa'adin ya cika, sai a yi rajista a inda jirgin yake.

Haraji kuma maganarsa daban, wurin da jirgi ke kwana yake bi. A Kalifoniya, ƙaramar hukuma ce ke ƙiyasta darajar jirgi a ranar 1 ga Janairu, ta karɓi kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara. Jami'an haraji kan nemi sunayen masu haya a tashoshin ɗaure jirage, don haka lambar Delaware da ke jikin jirgi ba ta ɓoye kowa. Wanda bai biya ba, hukumar DMV, mai rajistar motoci da jiragen ruwa a jihar, za ta hana shi sabunta rajistarsa, wadda ake yi duk bayan shekara 2.

Takardar rajista ta tarayya daga hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka, wadda ake ba jirgin da girmansa ya kai tan 5, ita ma ba ta soke harajin jiha.