Dokar da babu majalisar da ta yi ta

Ka juya kwalin cakulan ko na kofi, sau da yawa za ka ga wani ɗan koren kwaɗo a gefe. Tambarin Rainforest Alliance ke nan, ƙungiya mai zaman kanta da ke ba da shaidar cewa gona ta cika sharuɗɗanta na kare muhalli. Ba gwamnati ba ce, ba wanda ya kaɗa mata ƙuri'a, amma maganar mai bincikenta kan iya rufe wa manomin koko a Ghana kasuwa.

Ni fa ba na jayayya da kare daji. Wanda ya san yadda gonakin koko suka cinye dazuzzukan Kwaddibuwa ba zai ce a sakar wa kowa mara ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wa ya rubuta sharaɗin, kuma aljihun wa ke biya?

In gwamnati ce ta gindaya sharaɗi, akwai inda ake kai ƙara. Indiya da Malesiya da Pakistan da Tailan sun maka Amurka a gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya don ta hana shigar jatan landen da aka kama ba tare da kare kunkurun teku ba. A 1998 aka yanke cewa manufar ta halatta, amma an nuna bambanci wajen aiwatarwa. To, a 2005 ƙaramar ƙasar St Vincent ta kai kukanta ga ƙungiyar kan ƙa'idojin EurepGAP, waɗanda manyan kantunan Turai suka tsara, suka ɗora wa masu noman ayaba. Amsar Tarayyar Turai? Ba dokarmu ba ce, harkar 'yan kasuwa ce.

Wai na ganin dama ne. Ganin dama ina, alhali masu sayen kayanka duk sun ce sai da takardar shaida? Dole ƙanwar na ƙi.

Mai bincike zai zo da fom ɗinsa, ya leƙa ɗakin ajiyar maganin ƙwari, ya nemi littafin da aka rubuta ranar feshi. Galibi ƙungiyar manoman ce ke biyan kuɗin zuwansa, kuma ba tabbas duk amfanin gonar ya samu mai saye da farashin tambari.

Yanzu ga dokar Tarayyar Turai ta 2023: koko, kofi, manja, roba, waken soya, katako da shanu, ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna a taswira cewa ba a sare daji domin su ba bayan 31 ga Disamba 2020. Babban kamfani yana da tauraron ɗan adam da lauyoyi. Mai kadada biyu kuwa yana jiran wani ya zo da waya ya auna masa gonarsa.