Lokacin da Kason Attajiran Amurka Ya Ragu

Duk sanda aka ta da zancen tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, sai wani ya ce ai yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba. Na yarda, arziki na Allah ne. Amma faɗin tazarar, mutane ne ke zama su tsara shi, kuma tarihin Amurka, uwar jari-hujja kanta, ya ishe mu shaida.

A 1928, mutum ɗaya cikin ɗari da ke can ƙololuwa su ke kwashe kusan kashi 24 na duk kuɗin shigar jama'ar ƙasar. Kafin shekarun 1970 kason ya sauko ƙasa da kashi 10. Karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta lashe dukiyoyi masu yawa, Yaƙin Duniya na Biyu ya biyo baya. Sai dai mai kuɗi in ya faɗi yakan tashi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya hana su komawa inda suke har tsawon shekara talatin.

Haraji ne. A 1944 mafi girman harajin kuɗin shiga ya kai kashi 94, daga baya ya zauna a wajen kashi 91 har 1963, ciki har da zamanin Shugaba Eisenhower, ɗan jam'iyyar Republican. Ba a kan duk abin da mutum ya samu ake yankar wannan ba, sai abin da ya haura wani babban mataki. To shugaban kamfani me zai sa ya haƙiƙance sai an ninka masa albashi, alhali tara cikin goma na ƙarin gwamnati za ta karɓe? Ga kuma ƙungiyoyin ƙwadago, kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku yana ciki, suna zama da masu kamfani a yi cinikin albashi ido da ido. Ban manta ba, baƙaƙen fata ba su ci moriyar zamanin daidai da turawa ba, kuma wannan tabo ne babba.

Da Shugaba Reagan ya hau mulki a 1981 harajin yana kashi 70, kafin ya sauka ya mai da shi 28. Firaminista Thatcher ta yi irin haka a Birtaniya, daga 83 zuwa 40. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi rauni. Zuwa 2007, kason mutum ɗaya cikin ɗarin nan na Amurka ya sake haura kashi 23.