Ku ajiye ashanar, a karanta takardar tukuna

To, dattawa sun zauna sun yanke: a ƙona kundin marigayi, saboda jika ya buɗe gafaka ya ga "ummu walad", wato kuyangar da ta haifa wa ubangidanta, gefen sunan kakarsa, ya ɗora a Facebook. Madalla da wannan basira! Kundin da ya keto daji daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya tsallake gara da damina har Mai Wurno a Sudan, yau ashana za ta ga bayansa.

Ya jama'a, wa ma ya karanta takardar daidai? Yaron nan karatun makarantun Sudan ya yi, rubutun kuwa irin na Magrib ne. A can fa'un ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Masar duk ƙaf ɗin da ya gani fa'un zai kira ta, suna ya sauya, a liƙa wa wata baiwar Allah abin da ba nata ba. Shekara ma haka. In da ramzi aka rubuta, wato haruffa a madadin lambobi, harafin shin a lissafinmu 1000 ne, sin 300; a lissafin gabas shin 300, sin 60. Shin, sin, kaf, alif a wurinmu 1321 ke nan ta Hijira, wato 1903. Ɗan gabas zai ce maka 381. Ga shi takardun warware suke cikin tadarishi, sai an bi kalmar da ke gindin kowane shafi a ga ita ta buɗe na gaba, in ba haka ba wasiyyar wani ta faɗo cikin nasabar wani.

A karanta tukuna, abin da nake ta faɗa ke nan.

Wai "asirin gida ne". Asirin da ya kwana uku a waya? A ce ma karatun daidai ne, sai me? A fiƙihun Malikiyya ɗan da ummu walad ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana gado, ita kuma ta 'yantu ranar da ya rasu. Sarakuna nawa sa-ɗaka ta haifa? Tsohuwar nan wahala ta sha a hanya, addu'a ta cancanta, Allah ya jiƙanta.

Af, masu goge kundi da jiƙaƙƙen tsumma, ku bari. Tawadar gawayi da ƙaro ce, ruwa na taɓa ta ta tafi. Kuma a daina ɗaure shi cikin leda, gumi yake yi takardun su manne.